Kwana biyar ba bayan gida: in kashe ƙwayoyin cikina ne, ko in sayo wasu?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana uku, sana'ata ɗinki. Kunya ce ta hana ni rubutowa tuntuni. Yau kusan shekara biyu ke nan bayan gida ya zame min jidali. Sai in yi kwana huɗu ko biyar ban zaga ba, in kuma na shiga sai na yi ta nishi kamar mai naƙuda, abin da zai fito bai wuce 'yan ƙulalai irin kashin awaki ba. Cikina kullum a kumbure, siket ɗin da na sa da safe kafin la'asar ya matse ni. Mai kemis ɗin layinmu ya ce ƙwayoyin cuta ne suka yi min yawa, duk wata yakan haɗa min Flagyl da Ampiclox wai in wanke ciki. Surukata ta ce basir ne, ta aiko min da jarkar jiƙo. In na sha sai ya tsuge ni yini guda, daga nan a koma gidan jiya. Yanzu kuma na ga wata a TikTok tana tallar wani kafso mai tsada, wai ƙwayoyi ne masu kyau da ake zuba wa hanji. Anti, kaina ya ɗaure. Wannan ya ce a kashe, waccan ta ce a ƙara. Wanne zan bi?

'Yar'uwarki daga Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya ba ki lafiya. Ki ajiye kunyar nan gefe guda, don in da za a tara matan unguwarku a ce duk mai irin wannan matsala ta ɗaga hannu, da kin sha mamaki. Likitoci ma suna da ma'auninsu: wanda ba ya zagawa sau uku a mako, ko kullum sai da yunƙuri, ko abin ya riƙa fitowa a ƙulle da tauri, kuma aka ɗauki watanni a haka, to ya shiga sahun masu taurin bayan gida mai daɗewa. Kin cika sharuɗɗan nan har da ɗoriya.

Kafin komai, haɗin nan na wata-wata ki daina shi daga yau. Zan gaya miki dalili, amma sai na fara gabatar miki da waɗanda ake kashewa.

Babban hanjinki tsawonsa kamar mita 1.5 ne, shi ne zangon ƙarshe da abinci ke yadawa kafin ya fita. A cikinsa akwai jama'a. Wasu masana a cibiyar bincike ta Weizmann da ke Isra'ila sun yi lissafi a 2016, suka ce a jikin baligi matsakaici akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji suke, in aka tara su a sikeli za su kai giram 200. Ba shigowa suka yi da ruwan rijiya ko abincin kan titi ba. Tun ranar da aka haife ki suka fara tarewa, daga jikin mahaifiyarki da nonon da kika sha. Ni nakan ce wa mata su ɗauka kiwo ne aka ba kowa a cikinsa. Dabbar kiwo kuwa kin sani, abin da kika zuba mata shi za ta mayar miki.

Abincinsu shi ne abin da ke kanki ba ki iya narkarwa: harzar ganye, ɓawon wake, dusar hatsi, yauƙin kuɓewa, abin da ma'aikatan lafiya ke kira faiba. Wannan duk yakan wuce tumbi da ƙaramin hanji bai narke ba, ya isa gare su. In suka samu sai su hau ci suna hayayyafa, kuma a nan ne aikin da ya shafe ki yake. Da farko dai su kansu kaya ne. Wasu masana biyu, Stephen da Cummings, sun auna a Ingila a 1980, suka tarar cewa in aka busar da bayan gidan mutum, fiye da rabin abin da ya rage gawar bakteriya ce da masu ransu. Jikin bakteriya kuwa cike yake da ruwan da hanji ba ya iya tsotsewa da sauƙi. Ke nan in sun ƙoshi sun yawaita, bayan gida yakan yi auki ya yi laushi, ya cika hanji har hanjin ya ji akwai abin turawa. In an bar su da yunwa, ɗan abin da ya taru sai ya zauna, hanji ya yi ta tsotse ruwansa kwana da kwanaki har ya koma ƙulalan nan da kika kwatanta.

Sannan yayin da suke cin harzar suna fitar da wasu sinadarai masu ɗan tsami, mafi shahara shi ne butiret. Shi ne babban abincin fatar da ta shimfiɗe cikin babban hanji. Waɗannan sinadarai suna kuma taɓa wasu ƙwayoyin halitta na fatar hanjin kanta, waɗanda ke samar da wani sinadari mai suna sirotonin. Mutane sun fi jin sunan sirotonin a zancen ƙwaƙwalwa da walwala, alhali kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa, kuma yana cikin masu ba naman hanji umarnin ya matsa ya tura. A 2015 masu bincike a jami'ar Caltech ta Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka raina ba ko ƙwayar bakteriya ɗaya a cikinsu sirotonin ɗin hanjinsu ya yi ƙasa ƙwarai, cikinsu kuma ba ya tafiya da sauri. Da aka zuba musu wasu nau'o'in bakteriya sai abin ya farfaɗo. Ɓera ba mutum ba ne, na sani, amma ya nuna mana inda igiyar take.

To yanzu dubi Flagyl. Magani ne mai kyau a wurinsa, yana kashe amiba da wasu masu kawo atini da zawo. Amma ƙwarewarsa ita ce kashe ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iskar shaƙa, kuma mafi yawan masu yi miki aikin da na lissafa irin waɗannan ne. Kin ga ashe duk wata kina biyan kuɗi a shiga garkenki da wuƙa. A Kopenhagen, babban birnin Denmak, an taɓa ba wasu lafiyayyun maza 12 haɗin antibayotik uku masu ƙarfi na kwana huɗu kacal, aka bi su ana dubawa, aka buga sakamakon a 2018. Yawancin ƙwayoyin sun dawo cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata shida akwai nau'o'i tara da aka saba gani waɗanda ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba a cikin yawancin mutanen. Wannan sha ɗaya ke nan. Ke kuma kafin su gama farfaɗowa wani watan ya kama. Ban ce mai kemis mugu ba ne, abin da ya ga ana yi yake yi, amma kalmar "wanke ciki" ɗin nan ta cuci mutane da yawa. Ciki ba tukunya ba ce. Ga kuma wata ɓarnar ta daban: ranar da ciwo na gaske ya zo ana neman maganin ya yi aiki, sai a tarar ƙwayoyin cutar sun riga sun saba da shi.

Kada kuma in yi miki rabin gaskiya. Ba duk mazauna hanji ne ke taimakon tafiyar ciki ba. Akwai wata halitta mai suna Methanobrevibacter smithii, ba ma bakteriya ba ce ta sosai, dangi ne na daban, wadda ke shan iskar da sauran suka fitar ta mayar da ita iskar metan. An lura cewa masu yawan metan a numfashinsu sun fi fama da taurin ciki da kumburi. Dakta Mark Pimentel da abokan aikinsa a Los Angeles sun gwada a 2006, suka zuba wannan iska a hanjin karnuka, tafiyar abinci ta ragu da fiye da rabi. Irin waɗannan marasa lafiya akwai likitocin hanji da ke ba su wani antibayotik na musamman, amma sai bayan gwajin numfashi, na 'yan kwanaki ƙidayayyu, ba haɗin kan kanta ba.

Abin kuma yana tafiya ta fuska biyu. Kamar yadda ƙwayoyin ke shafar saurin hanji, haka jinkirin hanji ke sauya ƙwayoyin. Binciken da aka yi a Beljiyam da Denmak a 2016 ya nuna cewa in kaya ya daɗe a hanji, harzar takan ƙare, ƙwayoyin su koma cin furotin, nau'o'in da ke jure zaman jira su rinjayi sauran. Shi ya sa in aka duba bayan gidan mai taurin ciki aka ga ƙwayoyinsa sun bambanta da na wasu, ba a nan take ake cewa su ne suka jawo ba, wataƙila su ma abin ya shafa ne. Wannan ya kawo ni kan keken ɗinkinki. Na san yadda telolin mata suke, musamman in salla ta matso ko ana bikin wata: kin zauna tun hantsi, ga mai kaya a tsaye a kanki tana cewa yau za a kai lefe, cikinki ya motsa, ki ce bari in ƙarasa wannan hannun rigar. Kafin ki ƙarasa motsin ya wuce. In aka yi ta yi wa hanji haka, sai ya rage kira. Ruwan ma ba kya sha sosai don kada fitsari ya riƙa tayar da ke. Ban gan ki ba, amma ki faɗa min in ƙarya na yi.

Sai zancen tukunya, wanda a ganina nan ne rabin maganinki yake. Ki tuna yadda ake yi in za a kai niƙa. A jiƙa dawa ko gero, a surfa, a bushe, a wanke tas har sai ƙwayar ta yi fari sol, a kai inji. Dusar kuma a tara ta a tsohon kwano a kai wa awaki, ko a sayar wa masu kiwo. Kwanan baya ina tsaye a gidan wata ƙawata ana wannan aiki, na ga akuyarta ta cusa kai cikin kwanon dusa tana ci har da lumshe ido, ita kuma uwar gidan tana ba ni labarin kwananta huɗu ba ta zaga ba. Na ce mata ai ga maganinki can akuya na cinyewa. Ta ɗauka wasa nake. Yanzu ma surfen ya zama na masu ƙoƙari. Yawancin gidajen birni da safe shayi da farin burodi, da rana farar shinkafa da mai da yaji ko taliyar leda, da dare tuwon semo da miyar da ganyenta bai taka kara ya karya ba. Duk wannan tun a ƙaramin hanji yake narkewa ya shige jini. Cikinki ya cika, su kuwa na can ƙasa ko loma ba ta kai gare su ba.

A 2010 wasu masana daga Italiya sun kwatanta yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Florence na Italiya. Abincin yaran ƙauyen ba baƙonmu ba ne: gero, dawa, wake da ganyaye. Aka tarar cikinsu cike da nau'in Prevotella da wasu masu iya narkar da harza, waɗanda kusan babu su a cikin yaran Turai, sinadaran nan masu amfani kuma sun fi yawa a wurinsu nesa ba kusa ba. Tun kafin su, wani likitan fiɗa ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya yi ta auna bayan gidan mutane a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa na mutanen karkarar Afirka ya ninka na Turawan Ingila nauyi, kuma ya fi saurin fita. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne gwajin da aka buga a 2015, inda baƙaƙen fatar Amurka 20 a Pittsburgh suka yi musayar irin abinci da mutanen karkara 20 a Afirka ta Kudu. Mako biyu kawai, butiret ɗin 'yan Amurkan ya ninka fiye da sau biyu, na waɗanda aka ba abincin Amurka kuma ya faɗi. Garken nan ba ya daɗewa bai amsa kiwo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Ba sai kin sayi sikeli ba. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya ba ki kusan giram 11, kin kusa rabi ke nan. Ki sa wake ya riƙa shiga tukunyarki sau uku ko huɗu a mako, ko garau-garau ne a rinjayar da waken a kan shinkafar. In za ki kai niƙan tuwo, ki ce a yi surfe sama-sama, ko ki haɗa rabin surfaffe da rabin wanda aka wanke kawai, har bakin 'yan gidan ya saba. Miyar kuka da ta kuɓewa ki riƙe su da kyau, yauƙin nan harza ce mai riƙe ruwa, irin wadda ta fi tausasa bayan gida. Kwaɗon zogale ko na rama da la'asar a madadin cincin da biskit. Dankalin Hausa, gwanda, lemo a ci har da tsokarsa maimakon a tsotse a yar. In kina tauna aya, ki haɗiye tukar. Lokacin mangwaro kuwa kin samu, don wani ɗan ƙaramin gwaji da aka yi a Texas a 2018 ya nuna giram 300 na mangwaro kullum tsawon mako huɗu ya sassauta wa masu irin matsalarki.

Sai dai a hankali, don Allah. In kika tashi gobe kika cika ciki da wake da zogale da aya gaba ɗaya, kumburin da za ki yi sai kin zage ni. Ƙwayoyin da suka daɗe da yunwa in suka samu abinci iska suke fara yi. Ki ƙara abu ɗaya, ki ba shi kwana huɗu ko biyar, sannan ki ƙara wani. Ki ajiye gorar ruwa a gefen keke, ki riƙa duba fitsarinki: in ya yi ja, ruwan bai isa ba. Harza ba ruwa takan ƙara cushe ciki ne.

Jiƙon Hajiya surukarki kuma, ba sai kin yi musu da ita ba, ki karɓa ki yi godiya. Ba ta yi nisa da gaskiya ba ma, sai dai ta kama abin ta wutsiya: yawan nishi da yunƙuri ne ke kumbura jijiyoyin dubura ya haifar da basir, ba basir ne ke hana bayan gida fita tun farko ba. Irin jiƙon da ke tsuge mutum galibi ba ya rasa ganye mai sa zawo kamar filasko. Wani abin sha'awa, sinadarin filasko ba ya aiki da kansa. Haka yake wucewa har babban hanji, sai ƙwayoyin nan sun farfasa shi sannan ya zama abin da ke zaburar da hanji, shi ya sa ake sha da dare ya yi aiki da safe. Ko maganin surukarki ma da bazarsu yake rawa. A asibiti ana ba da ƙwayar da aka yi da dangin wannan ganye, amma a aune. Matsalar jarka ita ce ba wanda ya san nawa ne a ciki, ko me aka haɗa da shi. Zawon yini guda yana kwashe ruwa da gishirin jiki, ya bar hanji fayau, sai ki yi kwana uku ba abin da zai fita, ki ɗauka ciwon ne ya dawo.

Kafson TikTok fa? Sunansa furobayotik, kuma ba ƙarya ba ce zalla. Masana a jami'ar King's College ta Landan sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kai a 2014, suka ga a matsakaici yana rage zaman kaya a hanji da kamar awa 12, yana ƙara zagawa sau ɗaya da ɗan kai a mako, kuma wani nau'i mai suna Bifidobacterium lactis ya fi nuna alama. Amma gwaje-gwajen ba su yi kama da juna ba, wasu da aka yi daga baya ba su ga wani bambanci ba, kuma abin da nau'i ɗaya ya yi ba ya nufin kowane kwalba zai yi. Balle abu mai rai da ya sha zafin mota da na shago kafin ya iso hannunki. Baƙin da aka zuba ma yawanci ba sa zama, in an daina sha sukan wuce. Da kuɗina ne, wake da ganye zan saya. In kina son mai tsami, ga kindirmo, wanda aka tafasa madararsa kafin a ɗaura. Ki sha don abinci ne mai kyau, ban ɗaukar miki alkawarin shi kaɗai zai warware ba.

Shekara biyu ba wasa ba ce, saboda haka duk da wannan ina so ki je asibiti ki ga likita, ba kemis ba. Ki tafi da duk abin da kike sha a leda. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wanda ake yawan ba mata bayan haihuwa, yana ƙulle ciki. Haka tramadol da kodin, da wasu magungunan gyambon ciki da na hawan jini. Raunin ƙulutun maƙogwaro, wanda likitoci ke kira thyroid, da ciwon suga ma sukan rage wa hanji sauri, kuma gwajin jini ne ke nuna su. Likita na iya ɗora ki a kan magani mai jawo ruwa cikin hanji, kamar garin makrogol ko ruwan laktulos, ki yi makonni kina sha kafin sauyin abinci ya kankama. Wannan ba gazawa ba ce, kuma ba ya lalata hanji. Akwai kuma tambayar da za ki amsa masa ba kunya: kina jin abin ya zo bakin fita amma kamar an toshe, har sai kin taimaka da yatsa ko kin danna gefe? Wasu matan, musamman bayan haihuwa da yawa, naman ƙasansu matsewa yake yi a lokacin da ya kamata ya saki. Wannan ko buhun wake kika cinye ba zai gyaru ba, horon naman wurin ake yi.

In kuwa kin ga jini a cakuɗe da bayan gida ko ya yi baƙi kamar kwalta, ko kina ramewa ba dalili, ko ana ce miki jininki ya yi ƙasa, ko wani a danginku ya taɓa yin kansar hanji, to kada ki jira gwajin abinci, cikin makon nan ki je. Ciki ya kumbura da amai, ko tusa ba ta fita, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Ga aikin gobe da safe. Hanji ya fi motsi bayan an tashi daga barci da bayan cin farko, saboda haka ki karya da abu mai ɗumi, kunu ko koko da ƙosai, kafin ki buɗe keke. Bayan kamar minti 20 ki shiga bayi ko ba ki ji matsuwa ba, ki yi minti biyar, ba waya a hannu, ba yunƙuri. In masan tsugunno gare ku kin huta, don tsugunno ya fi miƙar da hanyar. In na zama ne, ki sa 'yar kujerar tsakar gida ƙarƙashin ƙafafunki, gwiwoyi su ɗara ƙugu. In bai zo ba ki tashi abinki, gobe a sake. Duk lokacin da ya kira ki da rana kuma, ko kan wuyan rigar amarya kike, ki ɗage ƙafa daga keken ki tafi. Bayan la'asar ki ɗan taka, ko zuwa gidan maƙwabta ne ki dawo.

A bayan littafin da kike rubuta awon masu ɗinki, ki ware shafi guda. Kullum ki rubuta ko kin zaga, da tauri ko da laushi, da abin da kika ƙara a abinci. Ki yi mako huɗu, ki nuna wa likita shafin, ni ma ki rubuto min abin da kika gani. Ki gaishe min da Hajiya da yaran.